Dutsen da Muka Rataya a Tsamiya

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana, kuma gare Shi nake neman tsari daga in shaidi abin da idona bai gani ba, ko in ɓoye abin da ya gani.

Mu biyu mahaifinmu ya bari maza, ni da yayana, a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin babban kogin da muke kira Bahar, ba nisa da garin Suki, inda kakanninmu suka sauke kayansu a kan hanyarsu ta zuwa hajji, ba su sake ɗauka ba. Ni na bi hanyar fiƙihu da nahawu, na zauna gaban malamai a nan da Wad Madani, har mutane suka riƙa kawo mini matsalolin gado da na aure. Shi kuwa yayana, Allah Ya ba shi abin da ya fi wannan: Ya zuba Littafinsa a ƙirjinsa tun bai tsirar da gemu ba, kuma ya riƙe shi riƙon da ban taɓa ganin irinsa ba. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Tun muna yara a halwa, wato makarantar allo, ba ya karatu sai yana rangaji, ya yi gaba ya dawo baya. Dukkanmu mun yi haka a ƙuruciya, muka bari da muka girma. Shi bai bari ba. Ko a kan jaki yake, za shi hawasha, gonar ban-ruwan da muke noman auduga da dawa a cikinta, daga nesa za ka hango rawaninsa yana sunkuyawa yana ɗagowa, ka san karatu yake yi.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyenmu, wata safiya ya je buɗe wa gona ruwa, ya faɗi a bakin magudana. Aka kai shi asibiti a Wad Madani. Likita ya ce jini ne ya daskare a kansa. Muka dawo da shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ba ya iya zama sai an tokare shi da matasai a kan angarib, gadon nan namu na igiya. Magana tana nan, amma ta yi nauyi.

Da ya ɗan farfaɗo, ya sa aka kira ni da hantsi. Ya ce in ɗauko rubutaccen Littafin da mahaifinmu ya bari, in riƙe masa, zai yi tilawa. Na buɗe, ya fara. Bai yi nisa ba ya tsaya. Na buɗa masa kalmar da ke gaba, ya karɓa, ya ƙara kaɗan, ya sake tsayawa. Ina ganin wuyansa yana ƙoƙarin yin gaba, jikin ya ƙi binsa. Mutumin da ke sauke Littafin da ka sau da yawa a wata guda, ya kasa cika shafi. Ya rufe ido, ya ce da muryar da har yau take kunnena:

"An karɓe, ƙane."

Na jawo masa duk abin da na sani. Na ce mantuwar da cuta ta kawo ba laifi ba ce, ba a kama bawa da abin da ba shi da iko a kansa, kuma wanda cuta ta hana shi aikin da ya saba ana rubuta masa ladansa cikakke.

Ya ce, "Na san hukunci. Ni na kai ka makaranta. Ba hukunci nake tambaya ba. So nake in sani, da shi zan tafi ko hannu wofi."

Daga nan ya faɗa mini bukatarsa, ita ce kuma ta zama aikinmu har ƙarshen ransa: sauka guda ɗaya da ka, daga farko har ƙarshe, ni ina riƙe da rubutu ina saurare. Idan ya kai, ya san ba a zare masa ba. Na ce to, alhali a zuciyata ban ga hanyar da za a bi ba.

Hanyar ta zo ta inda ba wanda ya zata. A ɗakinsa akwai ragaya rataye a azara, wadda matarsa take ɗora ƙwaryar nono a ciki saboda kyanwa. Wata rana ina zaune gefensa, bayan ya sake gwadawa ya kasa, sai ta shigo ta ɗebi nono, ta mayar da ƙwaryar, gwiwar hannunta ta bugi ragayar ta fita. Ragaya ta kama lilo, ta je ta dawo. Na ga idanunsa sun bi ta. Sai leɓɓansa suka motsa, karatu ya zubo, gaɓa guda idan ta tafi, gaɓa guda idan ta dawo, babu tuntuɓe, kamar an cire toshiya daga magudana. Ban yi motsi ba, tsoro nake ji kada numfashina ya ɓata abin. Ragayar ta riƙa rage zango har ta tsaya. Da ta tsaya, shi ma ya tsaya, a tsakiyar aya.

Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Tura ta."

Haka muka fara. Kowace safiya bayan rana ta ɗaga, kafin zafi ya yi ƙarfi, ina zuwa in zauna, Littafi a cinyata, hannun hagu a kan ragaya. Na koyi turawa kamar yadda ake koyon kowace sana'a, da kuskure. Idan na tare ta tana tahowa, sai ta rikice ta yi karkarwa, karatun ya rikice tare da ita. Sai na gane ana barinta ta iso iyakarta, ta ɗan tsaya wannan tsayuwar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, sa'an nan a raka ta da yatsu yayin da take juyawa da kanta. Ba ta son ƙarfi, lokacinta take so a kiyaye. A haka muka wuce dogayen surorin farko, kaɗan kaɗan, gwargwadon ƙarfinsa.

Da damina ta sauka, cutar ta sake taɓa shi, taɓawa mara ƙarfi, amma harshensa ya ƙara nauyi. Ragayar ta fi shi sauri. Kafin ya fitar da gaɓa guda ta je ta dawo, sai ya bi ta da gudu ya sarƙe, ya tsaya hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye. Na yi tunani irin na wanda ya rayu tsakanin jakuna da jiragen ruwa: jaki mai kaya ya fi mara kaya jinkiri, jirgin da aka cika da buhuna ya fi wofi nauyin tafiya. Na juye nonon a wani kwano, na cika ƙwaryar da tsakuwa. Na tura. Ba abin da ya sauya. Na ce nauyin ne bai isa ba, na je madafa na ɗauko ɗan dutsen niƙa na ɗora. Ƙwaryar ta tsage, igiya ta yi ƙara, amma tafiyar tana nan yadda take, ba ta jinkirta ko kaɗan ba.

Matar yayana ta leƙo. Tsakanina da ita akwai wasan nan na ƙanin miji da matar wa, tsufa bai kashe shi ba.

Ta ce, "Malam Ƙarami, an gama raba wa mutane gado, an dawo raba mini ƙwarya? Saura turmi, in kawo maka?"

Na ce, "Kawo, in bai isa ba ke za mu ɗora."

Ta ce, "Ni da na ɗauki gidanku shekara da shekaru, wace igiya za ta ɗauke ni?"

Yayana ya yi dariya da rabin fuskarsa. Amma ranar ba mu ƙara ko aya guda ba, haka washegari.

Yana da ɗiya, babbar mace mai 'ya'yanta, tana koyar da ilimin kimiyya a makarantar 'yan mata a Wad Madani, takan zo ranar Alhamis da yamma ta koma Asabar. Ta zo ta tarar da ragaya da dutsen niƙa a ciki. Ta gaishe ni, ta tambayi dalili, na gaya mata. Hausarta takan gauraya da Larabci, kamar ta yawancin yaranmu.

Ta ce, "Baffa, wallahi ko tsaunin garin Damazin ka ɗora, ba zai sauya ba. Wannan shi muke ce wa bandol a makaranta. Ba nauyi ke hukunta shi ba, tsawon igiya ne."

Na ce, "Ɗiyata, abu mai nauyi da mara nauyi su yi tafiya ɗaya? Hankali bai karɓa ba."

Ta ce, "To bari ido ya karɓa, hankali ya biyo baya."

Ta yanko igiya biyu tsawo ɗaya, ta ɗaure ɗan dutsen niƙa a guda, ta ɗaure albasa a ɗayar, ta rataye su a azara kusa da juna. Ta ja su gefe ta saka tare. Suka tafi tare, suka dawo tare, kamar mutum biyu a sahu guda. Na ce ta sake. Ta sake. Ta ce mai nauyi ƙasa tana jansa da ƙarfi, amma kuma shi ya fi wuyar motsawa, sai wannan ya cinye wancan. Sa'an nan ta gajarta igiyar albasa, nan take albasa ta kama sauri ta bar dutsen a baya. Ta kuma nuna mini wani abu da ya fi wannan tsaya mini a rai. Ta ja dutsen kaɗan ta saka, ta sa ni tasbihi ina auna zuwansa da dawowarsa. Ta ja shi nesa kaɗan ta saka, na sake aunawa. Lokacin ɗaya ne. Ta ce ko ya gaji yana gab da tsayawa, zangonsa ne ke raguwa, lokacinsa ba ya raguwa.

Na karanci lissafin tafiyar rana da wata domin sanin lokutan salla, na san Mahalicci Ya sanya wa kowane mai kewayawa ma'auni. Ban taɓa tunanin ma'aunin ya sauko har cikin ɗakin mata, kan igiyar da ake rataye nono ba. Na yi tasbihi, wannan karon ba don aunawa ba.

Amma ta ƙara da magana mai nauyi. Ta ce, "Sai dai ka sani, Baffa, tana da tsada. In kana son jinkirinsa ya ninka sau biyu, sai igiya ta ninka sau huɗu."

A lokacin ban damu da wannan ba. Muka ɗauko wani sulɓaɓɓen dutse baƙi daga bakin Bahar, muka saƙa masa raga, muka sako igiya daga azara har ya kusa taɓa ƙasa. Ya riƙa tafiya a natse, kamar dattijo zai shiga masallaci. Harshen yayana ya sami fili. Muka ci gaba, muka wuce tsakiyar Littafi kafin a girbe dawa.

Harshen bai daina yin nauyi ba. Duk wata da ya kama, sai mu ga dutsen ya fara fin ƙarfinsa. Ɗaki ya ƙare mana, domin azara ba ta da inda za ta ƙara. Muka fito da angarib tsakar gida, muka ɗaure igiya a reshen darbejiya. Ita ma ta ɗauke mu wani lokaci, ta gaza. A nan ne maganar ɗiyarsa ta dawo mini: kowane ɗan jinkiri da muke nema, sama muke biya da ita, kuma saman ƙauyenmu ba ta da yawa. Babu bene, hasumiyar masallacinmu 'yar gajeriya ce. Abu guda ya rage mai tsawo, wata tsohuwar tsamiya a bayan gari, kan gaɓar Bahar, wadda ta riga kakanninmu zuwa wurin.

Mutanenmu ba sa son zama ƙarƙashin tsamiya, abin da suka taho da shi ne tun daga yamma. Da aka ji za a riƙa ɗaukar Malam zuwa can kowace safiya, a rataya dutse yana kallo, sai magana ta tashi. Ladanin masallacinmu, mutumin kirki mai tsoron Allah, ya same ni bayan la'asar.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba don in yi maka gyara ba. Mutane na cewa dutse a tsamiya, ga mara lafiya yana zuba masa ido yana motsa baki. Wanda bai sani ba, mi zai ce?"

Na ce, "Carbin da ke hannunka, shi kake bauta wa?"

Ya ce, "Subhanallahi."

Na ce, "To dutsen nan carbi ne na wanda jikinsa ya ƙi. Ba ya amfanarwa ba ya cutarwa, zuwa yake yana dawowa da izinin Wanda Ya halicce shi. Wanda ke shakka ya zo ya saurara."

Ya zo, ya saurara, daga ranar ya zama ɗaya daga cikin masu ɗaukar gadon. Sauran tsofaffin almajiran yayana ne, magidanta masu furfura, su kai shi su wuce gonakinsu, su dawo su ɗauke shi kafin rana ta take. Ɗayansu ya hau ya ɗaura igiya a reshe mafi tsawo da zai iya ɗaukar mutum. Dutsen ya riƙa tafiya a hankali ƙwarai, har idan ya bar hannuna nakan ji kamar ba zai dawo ba. Ƙarƙashin wannan itaciya muka yi watannin sanyi, Bahar tana ja da baya tana barin yashi, mu kuma muna gangarowa zuwa gajerun surorin ƙarshe, waɗanda da su muka fara a halwa muna yara.

Saura kaɗan, kaɗan ƙwarai, tsamiyar ma ta fara fin ƙarfinsa. Na ɗaga kai, babu sauran reshe. Na dubi ƙasa. Na ce da almajiransa, tunda ba za mu iya ƙara sama ba, mu rage ƙasa: a haƙa rami a ƙarƙashin dutsen, dogo gwargwadon zangonsa, a ƙara igiya ya riƙa lilo a ciki. Ba wanda ya yi musu. Suka zo da fartanya da shebur da yamma, suka haƙa, suka tara ƙasar a gefe guda. Mu duka muna wurin, kuma ba wanda ya ga abin da muka yi, domin idonmu yana kan igiya.

Da safe aka kawo shi aka ajiye angarib a bakin ramin. Ya juyo da idonsa ya dube shi, dogo, matsattse, zurfinsa ya kai ƙugu, ga jar ƙasa a tare a gefe. Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya ce, kalma kalma:

"Kun yi... sauri. Ban... gama ba."

Yana nufin wasa, rabin fuskarsa yana murmushi. Ba wanda ya iya dariya. Ladan ya juya baya. Matarsa, wadda takan biyo mu da ruwan ɗumi, ta ajiye butar ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ranar Alhamis ce. Da yamma ɗiyarsa ta sauka daga mota, aka gaya mata, ta wuce can ba ta ko ajiye jaka ba. Na bi ta. Ta tsaya a bakin ramin, ta ɗaga kai ta dubi reshen, ta dubi zurfin.

Ta ce, "Baffa, haram alaik, ba ka kyauta ba. Igiya mai wannan tsawo, kamu biyu ba za su ƙara mata komai ba sai abin da ido ba zai gani ba. Kun haƙa wa ubana wannan a kan banza."

Na ce, "A cike shi."

Muka koma gida muka gaya masa. Ya girgiza kai iyakar yadda wuyansa ya yarda. Ya ce a bar shi. Ya ce dutsen yanzu ba ya ganinsa, igiya kaɗai yake gani tana ratsa sararin sama, kuma hakan ya fi masa sauƙi. Ya ce shi da ramin sun riga sun gaisa. Ɗiyar ta fita tsakar gida, na ji tana kuka a bayan darbejiya. Ta koma Wad Madani ranar Asabar, saboda 'yan makarantarta suna jarrabawa.

A kwanakin da suka biyo baya muryarsa ta koma raɗa. Ba ya iya gaɓa guda a kowace tafiya, sai kalma guda. Na daina buɗe Littafin, domin wurin da muka kai ko yaro ya haddace shi.

Safiyar ƙarshe tsakiyar mako ce, babu iska, Bahar shiru. Masu ɗaukar gado sun wuce gona. Mu uku ne: shi, da ni, da matarsa, wadda ta zauna ta bayansa ta tallafe kansa a ƙirjinta don ya ga igiya, domin wuyansa ya daina riƙe kansa. 'Yan surori ne suka rage, waɗanda mai lafiya zai karanta kafin shayi ya huce. Na tura dutsen, ya fara. Ina jinsa da ƙyar. Ya gama guda, ya shiga ta gaba. Can sai raɗar ta yanke, leɓɓa suka ci gaba da motsi babu sauti.

Daga inda nake zaune ina tura igiya, ba na ganin bakinsa sosai. Idan na matsa kusa da shi, hannuna ba zai kai igiyar ba. Na yi mata turawa guda mai kyau, na bar ta, na durƙusa na kai fuskata kusa da tasa. Na kama daga kalmar ƙarshe da na ji da kunnena, na riƙa karantawa a zuciyata, kalma guda a kowace tafiyar igiya, ina ganin giftawarta a cikin ƙwayar idonsa. Duk kalmar da na karanta, leɓɓansa su motsa. Zangon igiyar yana raguwa, amma ba ta sauya lokacinta ba, shi ya sa ban ɓace ba. Matarsa ta gane abin da ke faruwa kafin ni, ta fara maimaita kalmar shahada a hankali a saman kansa. Na ci gaba. Na shiga sura ta ƙarshe. Na kai kalmar ƙarshe a zuciyata, leɓɓansa suka motsa. Suka sake motsawa sau ɗaya bayan haka, ko sau biyu. Sa'an nan suka tsaya.

Na shafe idanunsa, na yi istirja'i. Igiyar tana ta motsi kaɗan kaɗan a bayana, ina jin ƙarar gogarta a jikin reshe.

Matarsa ba ta yi kururuwa ba. Ta kwantar da kansa, ta gyara masa rawani, ta dube ni. Ta ce, "Malam Ƙarami, ya sauke?"

Malamanmu sun ce mafi ƙarancin karatun ɓoye shi ne motsa harshe, ko mai yi bai jiyar da kansa ba. Na san wannan, na karantar da shi. Amma ni leɓɓa na gani, ban ga harshe ba. Ban sani ba ko kalmomin da nake karantawa a zuciyata su yake furtawa, ko shahadar da take laƙƙana masa yake bi, ko kuwa motsin fitar rai ne kawai wanda ya dace da igiya. Ban sani ba ko ya tsaya a wani wuri ya jira in buɗa masa, ni kuwa na wuce. Shekaru na yi ina gaya wa masu ba da shaida kada su ƙara a kan abin da suka gani.

Na ce, "Na kai ƙarshe, leɓɓansa suna motsi tare da ni. Iyakar shaidata ke nan."

Ta ce, "Ni ba alƙali ba ce. Mijina ya sauke ko bai sauke ba?"

Na sunkuyar da kai. Ta daɗe tana jira, sa'an nan ta miƙe ta nufi gari don ta sanar.

Mutanen da suka haƙa ramin tsamiya su suka haƙa na gaskiya a maƙabarta, da fartanyoyin nan dai. Ɗiyarsa ta iso bayan an rufe shi. Da muka keɓe, na ba ta labarin yadda ya kasance, ban rage ba. Ta tambaye ni abu guda: lokacin da leɓɓansa suka tsaya, igiyar tana motsi? Na ce tana motsi. Ta ce, "To yana da abin bi har ƙarshe. Iyakar abin da ilimina ya sani ke nan, Baffa." Muka zauna, ni da ita, kowa ya kai bakin iyakarsa.

Ranar sadakar uku matarsa ta sa aka yanka rago, aka yi abinci irin na walimar sauka, ba irin na makoki ba. Ta aika wa kowane gida, ta ce Malam ya sauke. Ba ta nemi izinina ba, ban kuma hana ta ba. Waɗanda suka tambaye ni a zaman makoki na ba su jimlar nan da na ba ta, ba ƙari ba ragi. Wasu suka ɗauke ta a matsayin i, wasu ba su ɗauke ta haka ba. Ta rayu shekaru bayansa, wasan da ke tsakaninmu ya dawo sannu a hankali, amma ba ta sake yi mini wannan tambayar ba, har ita ma ta tafi.

Yanzu ni ne babba a gidanmu, ni nake jan salla a masallacin unguwa idan ƙafafuna sun yarda. Dogayen surori ina karanta su yadda na saba. Amma idan na ɗauko ɗaya daga cikin gajerun nan na ƙarshe, harshena yakan jinkirta da kansa, kalma, sai tazara, sai kalma, har matasa suna cewa tsufa ya kama Malam. Idan na kai kalmar ƙarshe nakan tsaya ina saurare, sahu yana bayana yana jiran kabbarar ruku'u, sai wani ya yi gyaran murya kafin in sunkuya. Allah Ya jiƙan yayana, Ya haɗa shi da abin da ya so tafiya da shi.